Yadda ake auna mai jifan Japan a shekararsa ta farko a gasar besbol ta Amurka

A ranar 21 ga Maris, 2024, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, Yoshinobu Yamamoto ya hau tudun jifa karon farko sanye da rigar Los Angeles Dodgers, ƙungiyar da ta ɗauke shi a kan dala miliyan 325 na tsawon shekara 12. Zango ɗaya tak ya iya yi cikin zango 9 da ake raba wasa, ya yi jifa 43, 'yan San Diego Padres suka ci maki 5 a kansa, kociya ya sauke shi. Wannan kuwa shi ne mutumin da ya lashe kyautar Sawamura, wadda ake ba gwarzon masu jifan Japan, sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023. Kwana 9 bayan haka ya kara da St. Louis Cardinals, ya yi zango 5 ba a ci ko maki ɗaya a kansa ba. Shekaru kafin shi, New York Yankees sun biya ƙungiyar Hanshin Tigers ta Japan dala miliyan 26 don kawai su sami damar tattaunawa da mai jifanta Kei Igawa, suka kuma ba shi kansa dala miliyan 20, amma wasa 16 kaɗai ya buga musu tsakanin 2007 da 2008, ya ƙarasa sauran kwangilarsa a ƙananan ƙungiyoyinsu. Dukansu biyu sun soma da tuntuɓe, ɗaya ya miƙe, ɗaya bai miƙe ba. Aikin mai bibiyar wasa shi ne ya iya rarrabe tuntuɓen baƙunta da gazawa ta haƙiƙa tun kafin shekara ta ƙare, kuma akwai hanyar yin hakan bi da bi.

Ka fara ajiye lambobin da suke ruɗi

Wanda yake bin gasar daga Kano ko Maraɗi da wuya ya ga wasa kai tsaye, domin ƙarfe 7 na yamma a New York ƙarfe 12 na dare ne a wurinmu, na Los Angeles kuwa sai ƙarfe 3 na dare ake somawa. Galibi da safe zai duba teburin sakamako, saboda haka ya kamata ya san layin da zai karanta da wanda zai tsallake. Wasa zango 9 ne. Mai jifa yana auna wata taga da ba a zana ta ba, wadda take daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa. Idan ya samu jifa uku masu kyau, ko dai sun ratsa tagar ko mai bugu ya kai duka ya kuskure, to ya fitar da shi. Idan kuwa ya kauce tagar sau huɗu ba a kai wa ƙwallon duka ba, mai bugu zai taka kyauta zuwa tasha ta farko, cikin tashoshin da ake zagayewa kafin a ci maki.

Adadin nasara da rashin nasara da ake rubutawa a gaban sunan mai jifa shi ne abu na farko da za ka ajiye gefe, domin ya dogara ne a kan makin da abokan wasansa suka ci, abin da ba shi da iko a kai. Yu Darvish ya sha maki 4 a zangon farko na wasansa na farko a Afrilun 2012, amma an rubuta masa nasara saboda Texas Rangers sun ci da yawa a ranar. Na biyu shi ne ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a kan mutum a kowane zango 9. Ma'auni ne mai amfani a ƙarshen shekara, amma a watan Afrilu mugun zango ɗaya yana lalata shi: bayan wasan Seoul na Yamamoto ya tsaya a 45.00, bayan wasansa na biyu ya sauko 7.50, ya kuma rufe shekarar da 3.00. Abin da za ka riƙa rubutawa bayan kowane wasa shi ne yawan waɗanda ya ba tasha kyauta, yawan waɗanda ya fitar da jifa uku, yawan bugun da ya tsallake katangar fili, wanda yake zama maki kai tsaye, gudun miƙaƙƙen jifansa, da kuma kwanakin hutun da ya samu kafin wasan. Shafin Baseball Savant, wanda gasar take ɗora bayanan na'urorinta na Statcast a kai, yana nuna gudun kowane jifa da juyawarsa da inda ya faɗa, kuma ba a biyan kuɗi kafin a duba.

Daga nan sai ka koma baya ka nemo tarihinsa na Japan, na shekara uku na ƙarshe, ba na shekarar da ya fi haskawa kaɗai ba. Wannan mataki ne da mutane da yawa suke tsallakewa, alhali shi ne yake hana a ɗora wa Amurka laifin da aka zo mata da shi daga gida. Shintaro Fujinami yana da jifa mai gudun fiye da kilomita 160 a sa'a, amma ya daɗe yana fama da rashin saiti a Hanshin Tigers, har ya sha komawa ƙungiyarsu ta biyu. Da Oakland ta ɗauke shi a 2023, ta tsara masa wasa sau ɗaya a mako kamar yadda ya saba, duk da haka ERA ɗinsa ya kai 14.40 a wasa 4 na farko, aka mai da shi cikin masu jifan agaji, wato waɗanda suke karɓar mai jifan da ya buɗe wasa idan an sauke shi. Roki Sasaki kuma, wanda a ranar 10 ga Afrilu, 2022 ya yi wasan da ba wanda ya taka ko tasha ɗaya a kansa, ya fitar da mutum 19 da jifa uku, bai taɓa kaiwa zango 130 a shekara guda a Chiba Lotte Marines ba, kuma gudun jifansa ya fara raguwa tun 2024 yana Japan. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin kafaɗarsa ta kwantar da shi a Mayun 2025, a shekararsa ta farko a Dodgers, ba.

Ƙwallon da ke hannunsa

Idan tarihin Japan ya nuna mutum mai saiti ne, sai ga shi a Amurka yana rabon tasha kyauta, to wurin da za ka fara dubawa shi ne ƙwallon kansa. Tun 2011 gasar Japan ta tsaya a kan ƙwallo iri ɗaya na kamfanin Mizuno, wanda fatarsa take da ɗan danƙo tun daga masana'anta, yana kama yatsu da zarar an riƙe shi. Ƙwallon Amurka na kamfanin Rawlings ne, da hannu ake ɗinka shi a Kosta Rika, fatarsa tana da santsi, shi ya sa kafin kowane wasa ma'aikatan fili suke shafa masa wata laka ta musamman da ake ɗebowa daga yankin kogin Delaware a jihar New Jersey. Tun da mutum ne yake shafawa da hannu, wani ƙwallon yakan sha laka da yawa, wani kaɗan, wani kuma ta bushe a kansa ta koma ƙura. Masu jifan Japan sun sha faɗin cewa na Amurka ya ɗan fi girma a hannu, kuma ɗinkinsa ba ya tafiya daidai daga wannan ƙwallo zuwa wancan. A da mutane sukan rufe wannan giɓi a ɓoye da man danƙo iri-iri, sai gasar ta tsananta bincike daga Yunin 2021, alƙalan wasa suka shiga duba hannu da hula da safar mai jifa a tsakiyar wasa. Abin da ya rage masa bisa doka shi ne 'yar jakar garin ƙaro da ake ajiyewa a bayan tudu, sai kuma gumin jikinsa.

Bambancin yana da ƙanƙanta a ido, amma tazarar da ke tsakanin tudu da mai bugu mita 18.44 ce, kuma ɗan zamewar yatsa a lokacin saki yana zama kaucewar taƙi guda ko fiye a can gaba. Lamarin kamar wanzami ne da aka sauya wa aska ranar da layi ya fi tsawo: hannun nasa ne, ƙwarewar tana nan, amma sai ya yi 'yan kawuna kafin ya san nauyin sabuwar. Darvish ya ba da tasha kyauta sau 36 kacal a zango 232 a shekararsa ta ƙarshe a Nippon-Ham Fighters ta Japan, wato ƙasa da ɗaya da rabi a kowane zango 9. A shekararsa ta farko a Texas ya ba da 89 a zango 191 da ɗoriya, wato fiye da 4. Mutumin bai manta jifa a cikin jirgi ba, domin a shekarar da ta biyo baya ya fitar da mutum 277 da jifa uku, ya zo na biyu a zaɓen kyautar Cy Young, wadda ake ba gwarzon masu jifa a kowane ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar Amurka.

Jifan da ya fi shan wahalar wannan sauyi shi ne wanda Japan ta fi shahara da shi, wato jifan da ake ware manuniya da ɗan yatsan tsakiya a cusa ƙwallon a tsakaninsu. Yana fita daga hannu kamar miƙaƙƙe, sai ya nutse ƙasa daf da isarsa, mai bugu ya kai duka ta samansa. Da shi Hideo Nomo ya rikita Amurka a 1995, da shi Masahiro Tanaka da Kodai Senga suka ci abinci. Riƙonsa ya dogara kacokan a kan gefen yatsu biyu, don haka idan fata tana da santsi, ko dai ya kuɓuce da wuri ya tsaya a tsakiyar taga ba gudu ba nutsewa, wanda shi ne jifan da ake aikawa bayan katanga, ko kuma mai jifa ya ƙara matsewa ya buga shi a ƙasa tun kafin ya isa.

Idan ka samu hoton wasan, ga abin da za ka zuba wa ido. Ka lura da sau nawa yake cire safarsa ya maƙale ta a hammata, ya murza ƙwallon da tafin hannu biyu, ko ya ɗaga shi ya nuna wa alƙali yana neman a sauya masa wani, ko ya koma bayan tudu ya dafa jakar ƙaro, ko ya hura iska a dunƙulen hannunsa saboda sanyi. Sannan ka duba inda jifansa yake kaucewa. Idan na hannun dama yana yawan kaucewa sama, ta ɓangaren hannun da ya yi jifan, har mai bugu na dama yana janye kansa, alama ce ƙwallon yana zame masa kafin lokacin saki, kuma wannan matsala ce ta riƙo wadda takan ragu idan yanayi ya ɗumama kuma yatsu suka saba. Idan kuwa kaucewar ba ta da alƙibla, yau sama, gobe ƙasa, jibi gefe, to abin ya fi kama da matsalar tsayuwa da motsin jiki, kuma gyaranta ya fi ɗaukar lokaci. Bororo a yatsa ma yana cikin alamomin, domin wanda yake matse ƙwallo fiye da yadda ya saba fatarsa takan tashi. Shohei Ohtani ya bar wasa da wuri saboda bororo a Afrilun 2018, ya sake bari a watan Yuni.

Tudun jifa yana da nasa rabon, ko da yake bai kai ƙwallo ba. Na Amurka da yumɓu mai tauri ake gina shi, na Japan kuma bisa al'ada ya fi laushi, duk da cewa wasu filayen can sun ƙara wa nasu tauri a 'yan shekarun nan. Masu jifan Japan da yawa an koya musu dogon taku da nutsewa ƙasa, ƙafar gaba ta ɗan zame cikin ƙasa mai laushi ta shanye nauyin jiki. A kan yumɓu mai tauri ƙafar takan tsaya cak, nauyin ya koma cinya da ƙugu da baya, wurin sakin ƙwallo kuma ya ɗan ɗaga. Idan ka ji ƙungiya ta ce ɗan wasanta yana fama da ciwon cinya ko baya a watannin farko, ka tuna da wannan.

Ƙirga kwanaki

Abin da ya fi ƙwallo daɗewa yana cin mutum shi ne jadawali. Ƙungiyoyin Japan 12 ne, kowace tana wasa 143 a shekara, ranar Litinin galibi hutu ce, masu buɗe wasa kuma 6 ne suke karɓa-karɓa, don haka kowa yana hawa tudu sau ɗaya a mako, sau da yawa a rana ɗaya ta mako. A Amurka ƙungiyoyi 30 ne, wasa 162 a cikin kusan wata 6, masu buɗe wasa 5, hutun da aka saba kwana 4 ne. Kwana biyun da suka ɓace ba na zaman banza ba ne. A cikinsu ne mai jifan Japan yake gudu mai nisa, yake jifan atisaye mai yawa, yake barin gwiwar hannu ta huce, kuma tun yana makarantar sakandare aka gina jikinsa a kan wannan tsari na jifa mai yawa a rana ɗaya da hutu mai tsawo bayanta. Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa guda mai zango 17 a gasar sakandare ta Koshien a 1998. Tanaka ya yi jifa 160 a wasa na 6 na ƙarshen gasar Japan a 2013, washegari kuma ya sake fitowa ya rufe wasa na 7. A Amurka da wuya kociya ya bar mutum ya zarce jifa 100 da yawa, amma zai neme shi ya dawo bayan kwana 4, fiye da sau 30 a shekara. Darvish ya fito fili a 2014 ya ce hutun kwana 4 ya yi kaɗan, ya ba da shawarar a koma masu buɗe wasa 6.

Saboda haka ka raba wasanninsa gida biyu a takardarka, waɗanda ya yi bayan hutun kwana 4 da waɗanda ya yi bayan kwana 5 ko fiye, ka kwatanta gudun jifansa a zango na biyar da na shida a kowane gida. Ka kuma duba yadda ƙungiyarsa take lallaɓa shi. New York Mets sun riƙa ƙara wa Senga hutu a 2023, ya gama da ERA 2.98 duk da tasha 77 da ya bayar kyauta, Dodgers kuma sun riƙa ba Yamamoto aƙalla kwana 5 a 2024. Ƙungiyar da ba ta da isassun masu jifa ba za ta iya wannan gatan ba, kuma a ganina rashin adalci ne a kwatanta ɗan wasanta da waɗannan biyu ba tare da an ambaci hakan ba.

Tafiya tana ƙara nauyin. Japan gaba ɗayanta agogo ɗaya take bi, tafiye-tafiye da yawa a jirgin ƙasa mai gudu ake yi, kuma kusan rabin ƙungiyoyin a filaye masu rufi suke wasan gida, irin su Tokyo Dome da na Osaka da Nagoya da Fukuoka, inda ba iska ba ruwa. A Amurka sa'a 3 ce tsakanin agogon gabas da na yamma, daga Seattle zuwa Miami fiye da kilomita 4,000 ne, kuma ana iya tashi daga wasan dare a hau jirgi a sauka wani gari da asuba. Afrilu a Chicago ko Boston sanyi ne mai busar da yatsu, Yuli a St. Louis zafi ne mai jiƙa riga, filin Denver kuma yana kan tudun da ya kai mita 1,600, inda iska ba ta da kauri, jifa mai lanƙwasa ba ya lanƙwasawa sosai. Mugun wasa ɗaya a Denver bai isa hujja a kan kowa ba. Abin sha'awa, a wannan filin ne Nomo ya yi wasan da ba a samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa ba a 1996.

Gajiyar wannan duka ba a Afrilu take bayyana ba. Matsuzaka ya yi zango fiye da 200 a 2007, shekararsa ta farko a Amurka, ya yi sanyi ƙwarai a watan Satumba, ya rufe da ERA 4.40. Raunuka ma suna da lokacinsu: jijiyar gwiwar hannun Tanaka ta ɗan tsage a Yulin 2014 bayan ya soma shekarar kamar ba za a iya taɓa shi ba, ta Ohtani ta samu matsala a Yunin 2018 har aka yi masa tiyatar Tommy John, wato ta sake jijiyar gwiwar hannu, a Oktoba, kafaɗar Yamamoto ta raba shi da wasa daga Yuni zuwa Satumban 2024. Sai dai a yi hattara, domin masu jifan da aka haifa a Amurka ma suna cika ɗakin tiyata kowace shekara, don haka ba kowane rauni za a rataya wa sauyin ƙasa ba. Alamar da ta cancanci damuwa ita ce gudun miƙaƙƙen jifa ya ragu da kilomita 2 ko 3 a sa'a, ya kuma zauna a haka wasa biyu ko uku a jere.

Waɗanda yake fuskanta, da haɗuwa ta biyu

Kuskuren da ake yafewa a Japan ba a yafe shi a Amurka. A can masu bugu da yawa burinsu su taɓa ƙwallo su kai tasha, su matsar da abokin wasa gaba da ɗan bugu na sadaukarwa, kuma masu ƙarfin tsallake katanga kan taru ne a tsakiyar jeri. A Amurka har na takwas da na tara a jeri suna iya fitar da ƙwallo daga fili. Yamamoto sau 2 kacal aka tsallake katanga a kansa a zango 164 a Japan a 2023. Yusei Kikuchi ya iso Seattle Mariners a 2019, shekarar da aka kafa tarihin bugun tsallake katanga 6,776 a gasar, aka yi masa 36, ERA ɗinsa ya tsaya a 5.46. Ka kuma duba ɓangaren da mutum ya fito. A ɓangaren Central na Japan, inda Igawa da Fujinami da Shota Imanaga suka taso, a zamaninsu mai jifa yana shiga jerin masu bugu, wato duk zagaye akwai mutum ɗaya mai sauƙin fitarwa, alhali a Amurka tun 2022 duka ɓangarorin biyu suna sa gwanin bugu a madadinsa.

Akwai kuma kishiyar tuntuɓe, wadda take ruɗar mutane fiye da tuntuɓen. Baƙon mai jifa yana da ribar rashin sani, domin masu bugu ba su taɓa tsayawa a gabansa ba, kuma hoton bidiyo ba ya koya wa ido yadda ƙwallo yake fita daga hannu. Imanaga ya soma 2024 a Chicago Cubs da ERA 0.84 a wasa 9 na farko. A ranar 1 ga Mayu ya yi zango 7 da Mets ba su ci ko maki ɗaya ba. A ranar 21 ga Yuni suka sake haɗuwa, suka ci maki 10 a kansa cikin zango 3. Ya farfaɗo ya gama shekarar da 2.91, abin da ya nuna gwani ne na gaske, amma darasin da ke cikin waɗannan ranaku biyu shi ne ka sa alama a kalanda a duk ranar da zai sake haɗuwa da ƙungiyar da ta riga ta gan shi. A ranar ka duba ko masu bugu sun daina kai wa jifansa mai nutsewa duka. Idan suna barinsa ya faɗi ƙasa suna jiran miƙaƙƙe, to ko dai sun gane shi daga hannu, ko kuma yana tona kansa da wani motsi, kamar buɗewar safa lokacin da yake cusa ƙwallo tsakanin yatsu, abin da masu nazarin bidiyo na kowace ƙungiya suke farauta dare da rana. Idan tona kai ne, koci yana iya gyara shi cikin mako guda ta hanyar sauya inda ake riƙe safar. Idan kuwa ganewa ce, sai ya nemo jifa na uku da zai raba musu hankali.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma suna taruwa. Tun 2023 akwai agogon jifa, daƙiƙa 15 idan ba kowa a tasha, daƙiƙa 18 daga 2024 idan akwai, kuma Senga da Yamamoto da Imanaga sun bar Japan ba a sa irinsa a gasarsu ba. Mutumin da ya saba zagaya tudu ya huce bayan an yi masa mugun bugu yanzu ba shi da wannan sarari, kuma a kan kowane mai bugu sau biyu kawai aka yarda ya juya ya tsorata ɗan wasan da ke tsaye a tasha kafin na uku ya zama kasada. Maganarsa da mai cafke ƙwallo, wato abokin wasansa da ke tsugune a bayan mai bugu yana nuna masa irin jifan da zai yi, ta wata 'yar na'ura ce mai suna PitchCom da ake sa wa a hula, kuma ko da yake tun 2013 an yarda tafinta ya raka koci zuwa tudu, ziyarar ƙidayayya ce kuma gajera. Idan ka ga yana yawan girgiza kai yana ƙin abin da mai cafke ya nema, to ba su gama fahimtar juna ba tukuna, kuma yana da kyau ka duba ko sakamakonsa yana sauyawa idan an haɗa shi da wani mai cafken.

Yaushe za a yanke hukunci

Kada ka yanke kafin ya yi wasa 10 zuwa 12, ya sake haɗuwa da wasu ƙungiyoyi, ya kuma ɗanɗana zafin Yuli. A lokacin tambayar da za ka yi ita ce ko ya sauya wani abu, domin waɗanda suka daɗe a Amurka kusan dukansu sun bar wani abu da suka zo da shi. Hiroki Kuroda, wanda ya zo Dodgers a 2008 yana da shekara 33, ya rage jifan atisaye tsakanin wasanni, ya jingina a kan jifa mai ɗan nutsewa da ke sa a buga ƙwallo a ƙasa, ya yi shekara 7 yana aiki ba ƙaƙƙautawa da ERA 3.45. Koji Uehara ya zo Baltimore a 2009 a matsayin mai buɗe wasa, jikinsa bai ɗauka ba, ya koma mai jifan agaji, a 2013 kuma shi ne ya rufe wa Boston Red Sox wasan da suka ɗauki kofin gasar, wato World Series, da shi, bayan shekarar da ERA ɗinsa ya tsaya a 1.09. Sasaki ma da ya dawo daga jinya a Satumban 2025 a wannan matsayi Dodgers suka sa shi, ya riƙa rufe musu wasanni a zagayen neman kofi. Saboda haka mayar da mutum cikin masu agaji ba koyaushe yake nufin an fid da rai da shi ba.

Wurin da za ka ga irin wannan sauyi da idonka shi ne teburin da ke nuna kason kowane irin jifa a cikin ɗari, wata bayan wata. Idan sakamako ba shi da kyau amma kason yana motsi, ana rage jifan da ake bugawa ana ƙara wanda ake kuskurewa, to ana aiki a kansa kuma yana karɓar gyara. Idan sakamako ba kyau kuma teburin Agusta daidai yake da na Afrilu, nan ne damuwa take. Wani lokaci ma gyaran sai a wata ƙungiyar ake samunsa. Kikuchi ya yi shekara biyu ERA ɗinsa yana sama da 5, aka zaɓe shi wasan taurari a 2021, ya koma Toronto ya sake tangal-tangal kafin ya daidaita a 2023, sannan da aka kai shi Houston Astros a Yulin 2024, inda ya ƙara yawan jifansa mai zamewa gefe ya rage mai lanƙwasa, ya yi wasa 10 da ERA 2.70, a shekararsa ta shida a Amurka.